Akwatin Ashemi da Hannun Hagun Iortyer

Akwai wani makaɗin fiyano a garin Lafia mai suna Iortyer. Iyayensa manoman doya ne a wajen Agyaragu, amma shi tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya kama kiɗa. A wajen shekarar 2003, idan ana bikin aure a coci, ko wani mawaƙi zai shiga situdiyo ya yi kaset, sunansa ake fara kira.

Gaskiya ya iya. Sai dai ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

A bakin layin da yake zaune akwai shagon wani mai gyaran rediyo da amfilifaya, Ashemi. Magidanci ne mai 'ya'ya, ba ya yawan magana. Shi ke gyara wa Iortyer sifikokinsa idan sun lalace. Ashemi na son kiɗa tun yana ƙarami, amma bai taɓa samun wanda zai koya masa ba.

Wata rana ɗan'uwansa da ke sayar da kayan lantarki na gwanjo a Legas ya aiko masa da buhun tarkace. A ciki ya tsinci wani faifan ƙarfe mai abubuwan murɗawa irin na rediyo da ramuka birjik, haɗe da wani ɗan guntun fiyano. Ya kai wa wani malamin lantarki da ya sani. Malamin ya ce masa sunan abin sintesaiza, irin na da ne, kuma babu wata waƙa ko muryar ganga da aka ajiye a cikinsa. Wutar lantarki ce kawai yake mayarwa sauti. Wani ɓangare na haifar da sautin, wani na tace shi, wani na buɗe shi ya rufe. Mutum ne zai haɗa su da gajerun wayoyi yadda ya ga dama.

Ashemi ya ƙera masa akwatin katako, ya sauya abin da ya ƙone a ciki, ya jona shi da batirin mota. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya zauna yana soka wayoyi yana murɗe-murɗe. Wani lokaci abin ya yi kukan iska, wani lokaci ya yi gurnani kamar babbar mota na hawan tudu. Amma waƙa dai ba ta fitowa, domin bai san wane maɓalli ke bin wane ba.

Sai ya ɗauki akwatin ya nufi gidan Iortyer. Ya same shi a tsakar gida da abokan kiɗansa. Ya gaishe su, ya roƙe shi ya duba abin, in da hali kuma ya riƙa nuna masa hanya ko kaɗan-kaɗan.

Iortyer ya ɗora yatsunsa goma a kan ɗan fiyanon ya danna. Sauti ɗaya tak ya fito. Ashemi ya yi masa bayani cewa haka yake, murya ɗaya gare shi, ba ya iya fitar da biyu a lokaci guda.

Iortyer ya yi dariya har da jingina da bango.

"Mai rediyo, Allah ya ba ni yatsa goma, ka kawo mini abin da yatsa ɗaya ya ishe shi? Ka koma ga dalmarka. Kiɗa ba na kowa ba ne."

Abokansa suka taya shi dariya. Ashemi ya naɗe wayoyinsa, ya ce a yi haƙuri da damuwar da ya kawo, ya fita. Daga ranar, in ya hango Iortyer tafe sai ya sunkuyar da kai a kan aikinsa.

Bayan kamar shekara biyu, Iortyer ya yanke jiki ya faɗi a wajen wani biki. Hawan jini ne. Da ya farfaɗo a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace.

Da farko gidan ya cika da 'yan dubiya. Daga baya suka ragu. Bukukuwa ba su tsaya ba, wani makaɗin aka samu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, saboda haka 'yarsa Wandoo, wadda ke koyarwa a wata firamare a Doma, ta dawo gida don ta kula da shi.

Abin da ya fi damun Wandoo ba hannun ba ne. Mahaifinta ya daina son komai. Ya sa ta lulluɓe fiyanonsa da zane ta tura ƙarƙashin gado. Abinci sai ta yi da gaske yake cin loma biyu. Magani kuwa yakan ɓoye shi a ƙarƙashin filo. Likita ya gaya mata a fili cewa in ya ci gaba a haka, faɗuwa ta biyu na nan tafe, kuma ba lalle ya tashi ba.

Wata rana ta kai fankarsu gyara shagon Ashemi. Ya tambaye ta jikin Baba. Ta fara cewa da sauƙi, sai hawaye ya kece mata, ta gaya masa komai. Ashemi ya yi masa addu'ar samun sauƙi.

Ya yi kwanaki yana juya maganar a ransa. Bai manta da dariyar nan ba. Matarsa Suwaibatu ma ta ce ita ba ta ga dalilin da zai sake kai kansa inda aka wulaƙanta shi ba. Ya ce mata shi ma bai gama ganin dalilin ba, amma zaman da yake yi bai ba shi natsuwa.

Ranar wata Asabar bayan la'asar ya ɗauki akwatin da batirin ya tafi.

Iortyer na kwance, ya juya fuska ga bango. Da ya ga ko wane ne da abin da ya ɗauko, sai ya ce da muryarsa da ta yi nauyi, in ramuwa ya zo yi, ya yi ya tafi.

Ashemi ya ce ba ramuwa ta kawo shi ba. Ya ce akwai wata waƙa da mahaifiyarsa ke yi in suna dafa gishiri a Keana, ya daɗe yana nemanta a jikin akwatin ya kasa. Ya ajiye shi a kan kujera, ya haɗa wayoyi, ya fara dannawa da yatsa ɗaya.

Kuskure yake yi, kuma ba da gangan ba. Iyakar iyawarsa ke nan. Yakan kama farkon waƙar, in ya zo tsakiya sai ya ɓata, ya sake komawa. Haka ya yi ta yi har Wandoo ta fara jin kunya a madadinsa.

Can sai Iortyer ya yi tsaki daga kan gado.

"Ba nan ba. Na gaba da shi."

Ashemi ya danna na gaba. Iortyer ya ce yanzu kuma ya wuce wurin. Da abin ya ishe shi, sai ya ce wa Wandoo ta tayar da shi zaune. Ya miƙa hannun hagu, wanda a da rakiya kawai yake yi wa na dama, ya bi waƙar daga farko har ƙarshe. A hankali ya yi, amma waƙar ta fito.

Sai ya ce muryar ta yi kaifi da yawa, waƙar tsohuwa ba haka take ba. Ashemi ya murɗa abin tacewa kaɗan-kaɗan har sautin ya yi taushi kamar sarewa daga nesa. Iortyer ya ɗaga kai alamar ya tsaya a nan. Suka sake bin ta tare, ɗaya na dannawa, ɗaya na murɗawa.

Ashemi ya share idonsa da gefen hularsa. Ya ce haka mahaifiyarsa take yin ta.

Da zai tafi, ya bar akwatin a nan, ya ce gobe zai zo ya sauya batir. Ya gargaɗe shi cewa abin ba ya riƙe komai a kansa. In aka zare waya ko aka taɓa abin murɗawa, muryar ta tafi ke nan, sai an sake nemanta. In rana ta yi zafi ma yakan kauce da kansa.

Wannan ne ya riƙe Iortyer. Kullum da safe sai ya tarar muryar ta ɗan kauce, kuma kunnensa ba ya iya haƙuri da hakan. Dole ya tashi zaune ya gyara. Wandoo ta lura da haka, sai ta riƙa ajiye kunu da magani kusa da akwatin. Takan ajiye ta fita abinta. Ta dai riƙa tarar da kofin babu komai.

Iortyer ya fara tambayar Ashemi amfanin kowane rami da kowace waya. Yakan manta, ya sake tambaya, wani lokaci ya fusata da kansa. Shi kuma yana koya wa Ashemi hawa da saukar sauti. Ashemi ma ba mai saurin ɗauka ba ne.

Wata yamma suna zaune, sai Iortyer ya ce, "Malam Ashemi, abin da na yi maka a gaban mutane, ya yi maka ciwo?"

"Ya yi, Baban Wandoo. Na daɗe ina jinsa."

"To me ya dawo da kai?"

"Na ga ni ina da hannu biyu ba ni da kunne. Kai kana da kunne. Na ce zaman me muke yi kowa a ɗakinsa."

Iortyer ya nemi gafararsa. Ashemi ya ce ya yafe, kuma ya roƙe shi kada su sake tayar da maganar.

Hannun dama bai dawo ba. Iortyer bai sake zama wanda ake rububi a bukukuwa ba, Ashemi kuma bai zama gwani ba. Amma Iortyer ya miƙe har yana takawa da sanda, Wandoo ta koma bakin aikinta a Doma da kwanciyar hankali. Shekaru da dama bayan haka, duk wanda ya bi layin da yamma zai ga mutum biyu a kan benci ɗaya a ƙofar shagon gyaran rediyo, akwatin katako a tsakaninsu, suna gardama a kan ko muryar ta yi daidai.

Darasi: Kada baiwar da Allah ya ba ka ta sa ka raina mai neman koyo, domin lafiya da iyawa aro ne, kuma ba ka san ta hannun wa taimako zai zo maka ba. In kuma kai aka raina, kada ka bari ciwon ya hana ka yin alheri ranar da aka buƙace ka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke buƙatar jin wannan a yau.