Butar Shayi da Wayar da Ta Kewaye Ma'auni

Akwai wani mutum mai sayen ƙwarar kaɗanya a ƙauyuka masu nisa. Da ya gaji da kwana a rumfunan kasuwa, sai ya mai da bayan motarsa ɗaki. Ya sa gado, ya ɗora sola a kan rufi, ya jera batura a ƙarƙashin gadon. Ya kuma sayi ƙaramin firji, gama matarsa, wadda take binsa duk inda ya nufa, tana da ciwon sukari, allurarta kuwa ba ta son zafi.

Don kada wuta ta ƙare musu a daji ba su sani ba, ya je wurin mai gyaran wuta aka sa masa ma'auni mai nuna abin da ya rage a batura. Mai gyaran ya ce masa, "Baba, duk wayar da take jan wuta, sai ta bi ta cikin wannan ma'auni. Abin da ya kewaye shi, ba ya ganinsa."

To, mutumin nan yana da butar shayi mai aiki da batir, yana kuwa ƙaunarta ƙwarai. Amma butar akwai cin wuta. Duk sa'ad da ya kunna ta, sai lambar ma'aunin ta sauka, matarsa ta dube shi, ta dubi firji. Kallon nan ya ishe shi. Rannan da ta tafi ɗebo ruwa, ya sunkuya ƙarƙashin gado ya maƙala wayar butar kai tsaye a jikin batir. Daga ranar yana shan shayinsa hankali kwance, ma'auni yana ta faɗa masa abin da yake so ya ji.

Ana nan damina ta yi nisa, gajimare ya rufe rana kwana da kwanaki. Wata rana da tsakar rana, suna can ƙauyen da babu asibiti, firji ya yi tsit. Ma'auni kuwa yana cewa da sauran wuta da yawa.

Matar ta ce, "Baban Rifkatu, abin nan ƙarya yake yi mana."

Tsoro ya kama shi, kunya ta rufe shi. Ya ce, "Bai yi ƙarya ba. Ni ne na hana shi gani." Ya ɗaga katifa ya nuna mata wayar.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta naɗe allurar a jiƙaƙƙen tsumma, ta sa a inuwa kusa da tulun ruwa. Shi kuwa ya cire wayar ya mai da ita ta cikin ma'auni, ya ta da mota suka kama hanya har batura suka farfaɗo. Firji ya dawo aiki, allura ba ta lalace ba.

Bai daina shan shayi ba. Sai dai yanzu yakan jira rana ta fito sosai, ya kunna butar a gaban matarsa, ya zuba kofi biyu.

Ma'anar wannan misali ita ce: batura su ne ƙarfin da Allah ya ba ka, ma'auni kuwa Maganarsa ce, wadda take nuna maka gaskiyar halinka. Yawancinmu mun bar ta ta auna addu'armu da zuwanmu sujada, amma akwai waya guda da muka kewaye ma'aunin da ita: wani fushi, wata sha'awa, wata hira a ɓoye. Ranar Lahadi lambarmu tana da kyau, alhali ciki yana ƙarewa, wanda zai fara shan wahalar kuwa shi ne wanda yake dogara gare mu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, Ubangiji ba ya jiran ka don ya kunyata ka. Firjin gidanka bai yi tsit ba tukuna. Ka ɗaga katifar yau.