Dashishin Malam

Maigidana Malam ya rasu da azumin bara. Abin da ya bar mini na hannunsa shi ne rabin buhun alkama da ya noma a Kadawa. Na fita takaba, wata biyu suka ƙara wucewa, ban kwance bakin buhun ba. Da rana tsaka, idan gida ya yi shiru, sai in ji motsi a cikinsa kamar ana raɗa. Nakan zauna kusa in saurara.

Goggo Mabaruka, ƙanwar kakata, ita ta same ni a haka. Tsohuwa ce, jikar Larabawan Gadamus da suka zauna a Kano. Ta kara kunne a buhun, ta ce, "Zulai, ƙwari ne. Mijin naki da ransa ma bai cika magana ba, sai yanzu?"

Na ce, "Goggo, in aka ɓarza ta shi ke nan, ba ni da komai nasa."

Ta ce, "Zauna ki ji labarin da kakana ya ba mu."

Ta ce wani madugu mai suna Muftahu ya taso da ayari daga Gadamus zuwa Kano. Guzurinsu ya ƙare a tsakiyar rairayi. Rana na tsaka suka ji ƙarar dutsen niƙa, a wurin da ko tsuntsu ba ya sauka. Suka bi ƙarar, suka tarar da wata tsohuwa a ƙofar bukka tana ɓarza alkama. Dutsen ya cinye har ya zama kamar tafin hannu. A bayanta mutum bakwai na zaune a jere, kowa da akushi cike a gabansa, suna kai loma baki, amma abincin ba ya raguwa.

Madugu ya yi sallama. Ita kaɗai ta amsa. Ta dafa, ta zuba wa ayari, suka ci. Ya ce, "Uwa, mene ne sunan wannan abinci?"

Ta ce, "Dashisha. A bakinmu, abin da aka farfasa ke nan."

Ya ce, "Su kuma waɗannan bayin Allah?"

Ta ce, "Ci, ka ji nawa labarin."

Ta ce, "Ina da ɗa guda. Ya girbe alkama ya zuba mini a tulu, ya bi ayari, bai dawo ba. Na liƙe bakin tulun da laka. Wata rana mutum bakwai suka iso ƙofata, leɓunansu sun tsage. Suka ce, 'Uwa, ko tafi ɗaya ki fasa mana.' Na ce ta ɗana ce, ba a taɓawa. Suka zauna nan inda ka gan su. Da na ga sun daina motsi, na ruga na fasa tulun. Ba komai ciki sai ƙura da ƙwari. Tun ranar nake ɓarza, ban san inda alkamar ke fitowa ba. Nakan zuba musu kafin kowa, ba su taɓa ƙoshi ba. Madugu, ɗana ya noma abinci, ni na mai da shi kabari."

Goggo ta ce da ayarin ya tashi, madugu ya waiwaya bai ga bukka ba, bai ga kowa ba. Amma ƙarar dutsen ta bi su har kwana uku. Da suka iso Kano ya sa aka dafa irin abincin aka raba sadaka. Matan gari suka koya a gidajen Larabawa, bakinsu ya mai da sunan dashishi.

Ta dube ni ta ce, "Ni dai haka aka gaya mini, ban ce na gani ba. Amma maƙwabciyarki Ladi, kwana biyu ban ga hayaƙi a gidanta ba. Kin leƙa?"

Ban leƙa ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Na tashi na kwance buhun. Ƙwari sun ci kusan kashi ɗaya cikin uku. Muka bakace, muka surfa, muka shanya, na kai inji na ce wa mai injin ɓarzawa zai yi, kada ya mai da ita gari. Washegari muka turara, muka zuba mai. Kwanon farko ni na kai wa Ladi da kaina. Ta karɓa, ta kira 'ya'yanta suka zauna, sannan ta tambaye ni wa za su roƙa wa ladan.

Na ce maigidana. Na daɗe ban faɗi sunansa ba. Sunansa Tanimu. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya taya ni: Allah Ya jiƙan Tanimu, Ya kai masa ladan abin da ya shuka, Ya yafe mini abin da na bari ya lalace. Amin.