Ɗan Gayu da Gidan da Bai Taɓa Takawa Ba

Ku yaran yanzu, an ba ku kujera da fanka kun ɗauka an ba ku duniya. Mutum ya tsaya gabanku da furfurarsa, ku kuna ta danna waya, ko ɗago kai ba kwa yi. Tunda wayar ce ba kwa iya ajiyewa, to ku karanta wannan a cikinta, ko Allah zai sa ku ji kunya.

Akwai wani saurayi da ake ce wa Ɗan Gayu, ma'aikaci a ofishin kula da iyali. Kullum riga a goge, takalmi na ƙyalli, turare kamar an fasa masa kwalba a ka. Aiki kuwa sai dai a baki.

A shekarar ne gwamnati ta haɗa hukumomi uku, ta lafiya da ta makarantu da ta kula da iyali, ta ce su zauna ɗaki guda su riƙa duba yara tare, a daina tura talaka daga wannan ofis zuwa wancan. Aka kuma sassauta ƙa'ida. Yaron da ba ya hannun iyayensa ba za a kore shi ba. Ma'aikacin iyali zai taka ya je gidan, ya ga mai riƙon, ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya sa hannu. Duk ƙarshen wata a karanta rahotannin a gaban jama'a.

Ɗan Gayu bai so wannan haɗi ba. An ajiye teburinsa tsakanin wata tsohuwar nas da wani malamin makaranta mai yawan tari. Shi da digirinsa! Har kujera yake ja baya kada warin magani ya kama masa riga.

Wata Litinin wani mai walda ya shigo, hannunsa duk tabon wuta, yana riƙe da yarinya 'yar shekara bakwai. Yarinyar ba ta ji sai an yi mata ihu a kunne. A aji an mayar da ita bencin baya, yara na ce mata daƙiƙiya. Likitocin kunne na nan tafe, su saka wa yara na'urar ji kyauta, kuma sau ɗaya suke zuwa a shekara. Ranar Alhamis za a rufe ɗaukar sunaye.

Nas ta duba kunnen ta sa hannu. Malam ya ce ya san yarinyar, ya sa nasa. Saura Ɗan Gayu.

"Ina uwarta?" ya tambaya, idonsa na kan waya.

"Ta rasu, ranka ya daɗe. Ƙanwata ce."

"Uban fa?"

"Allah kaɗai ya san inda yake. Ni ne kawunta, a hannuna take tun ba ta iya tafiya ba."

"A ina kake zaune?"

"Bayan kasuwa, in ka tsallake babbar kwata."

Ɗan Gayu ya dubi takalminsa. "Ka dawo gobe."

Mai walda ya rufe shago ya dawo Talata. Aka ce gobe. Ya dawo Laraba, aka ce oga na da taro.

Da nas ta ga haka sai ta ce, "Ɗana, tashi mu je tare. Na san unguwar, tafiyar minti ashirin ce."

"Mama, ki tsaya a kan allurarki. Me kika sani a aikina?"

"Ai ban taɓa ganin aikin ba balle in san shi," in ji ta.

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mutanen da ke layi ma suka dara. Wannan dariya ta tsaya wa Ɗan Gayu a wuya. Ga shi kuma ya san duk yaron da ya amince da shi, dole ya riƙa leƙa gidansu kowane wata. Shi ne zai riƙa tsallake kwata saboda 'yar mai walda?

Ranar Alhamis, yana zaune ƙarƙashin fanka, ya ɗauki biro ya rubuta: "Na je gidan. Gida ne mai koren ƙyaure da bishiyar mangwaro a ƙofa. Ban tarar da yarinyar ba, maƙwabta sun ce ba nan take zaune ba." Ya zuba sa hannunsa mai lanƙwasa, har yana yaba wa kansa iya tsara zance. A ransa ya ce wa zai bincika? Talaka ba ya zuwa taro.

Ranar Asabar likitoci suka zo. Mai walda ya sa an yi wa yarinya wanka da kitso, suka tsaya a layi tun safe har aka kira sunan ƙarshe. Ba nata. Nas ta same shi a bakin ƙofa yana share ido da gefen riga. Ta ce, "Kawu, jibi Litinin akwai taro. Ka zo, ka zauna a gaba."

Ɗan Gayu na shiga zauren taro ya hango mai walda. Ya gyara kwalar riga ya zauna. Shugabar shirin, wata dattijuwa marar son wasa, ta yi ta karanta rahotanni har ta zo kan nasa.

Mai walda ya miƙe. "Ranki ya daɗe, koren ƙyaure? Ni ƙyauren mutane nake ƙerawa, amma nawa gidan buhu ne a rataye. Mangwaro kuwa, da akwai shi da yaran unguwa sun gode Allah."

Zaure ya ɗauki dariya.

"Ƙarya yake yi!" in ji Ɗan Gayu. "Wannan ko sunansa bai iya rubutawa ba."

Shugaba ta rufe fayil. "Ba sai an yi musu ba. Tashi ka kai mu gidan da ka je."

Rana tsaka suka fito. Ɗan Gayu a gaba, shugaba a bayansa, sai nas da malam da mai walda da yarinya, sai iyaye wajen talatin da suka ce wallahi ba za a ba su labari ba. Ya shiga wannan lungu ya fito ta wancan. Gumi ya wanke turaren tas. Idonsa na ta neman kore kamar akuya a rani.

Can ya hango wani koren ƙyaure. Ya yi ajiyar zuciya ya nuna. "Nan ne."

Ƙyauren ya buɗe, wani mutum ya leƙo da buta a hannu. "Ku nawa ne za ku shiga? Wanka ko ba-haya?"

Gidan wankan kasuwa ne. Wata mata ta yi dariya har ta durƙusa a ƙasa.

Yarinya ba ta ji komai a cikin abin da ake faɗa ba. Ta dai ga an ɓace hanya, sai ta ja hannun kawunta ta nufi gida, jama'a suka bi ta. Shugaba ta ɗaga buhun ƙofa da hannunta, ta ga katifar yarinyar, ta ga jakar makarantarta a jikin ƙusa. A nan tsaye ta sa hannu.

Likitoci sun riga sun wuce gari na gaba, saura musu kwana biyu su tafi. Hukumar lafiya ta ba da mota, malam ya rubuta takarda, nas ta raka yarinyar da kawunta can, aka saka mata na'urar. Ranar da suka dawo, mai walda ya buga guduma a kan ƙarfe, yarinya ta zabura ta toshe kunnuwa, sannan ta fashe da dariya. Kawun, ƙato guda, ya zauna a kan benci yana kuka.

Shi kuwa Ɗan Gayu, aka zazzage rahotanninsa duka. Gida goma sha huɗu ya rubuta bai taɓa takawa ba. Aka sa shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, nas na biye da shi, ya tsaya a kowace ƙofa ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi. Biyar daga cikin yaran masu ciwon kunne ne, kuma likitoci sun tafi, sai baɗi.

Uwarsa ta zo ofis roƙo, tana cewa yaro ne, kuskure ne. Shugaba ta ce, "Baba, ki je ki roƙi iyayen yaran nan biyar. In sun yafe, ki dawo mu yi magana." Ta je gida ɗaya, ba ta iya zuwa na biyu ba.

Aka miƙa masa takardar kora, aka kuma aika sunansa duk hukumomin uku. Har yau babu wadda ta sake ba shi ko kujerar mai gadi.

Darasi: In an sassauta maka ƙa'ida, don ka taimaki yaran mutane aka sassauta, ba don ka miƙe ƙafa ba. Duk abin da ka sa wa hannu, wata rana za a ce tashi ka nuna. Ku tura wa 'ya'yanku da ke zaune a ofis, musamman masu cewa a dawo gobe.