Jakar Akuya Ta Asali

An yi wata Akuya mai son a ganta, da maƙwabciyarta Zabuwa mai yawan surutu. Akuya ta aika ƙasar waje aka kawo mata jakar hannu ta fata zalla, mai tambarin kamfani yana ƙyalli. Zabuwa ta gani ta yi sha'awa, ta je kasuwa ta sayo irinta sak, amma jabu.

Ranar da aka yi suna a dangin awaki suka haɗu, kowacce rataye da jakarta.

"Ke Zabuwa, ba kya jin kunya?" in ji Akuya. "Roba kika ratayo kika shigo taro?"

"Wa ya ce roba ce? Dubi ɗinkin! Dubi tambarin! Da me taki ta fi tawa?"

"To a kira Kare ya raba mu!" in ji Akuya.

Kare tsoho ne, ya yi shekaru yana gadi a wurin masu jima, babu fatar da hancinsa bai sani ba. Ya shinshina jakar Zabuwa sau ɗaya ya yi atishawa.

"Roba ce, har da warin gam."

Aka fashe da dariya, Zabuwa ta sunkuyar da kai. Akuya ta miƙa tata tana taku ɗai-ɗai. Kare ya shinshina, ya sake shinshinawa, sannan ya rage murya.

"Hajiya, mu koma gefe in gaya miki."

"Babu wani gefe! Faɗi a nan kowa ya ji!"

"To. Fata ce ta gaske, mai kyau kuwa. Fatar jar akuya ce, irin danginku. A nan ake jeme ta, a kai waje a ɗinka, a dawo muku da ita."

Kakar jaririyar, wata tsohuwar akuya, ta miƙe.

"Wato da fatar 'yar'uwarmu kika zo mana barka? Tashi ki fita."

Akuya ta duba ko'ina, babu wanda ya ce a yi haƙuri, har Zabuwa. Ta fita ita kaɗai, ta yi ta tsayuwa a ƙofar gida, ta rasa ko ta yar da jakar ko ta kai ta a binne.

Darasin wannan labari shi ne, kafin ka yi taƙama da abin hannunka har ka wulaƙanta wani, ka fara sanin daga ina ya fito, da wanda aka cutar kafin ya iso gare ka.