Randuna Biyu da Kan Malam Jatau

A zamanin da, an yi wani Sarki mai saurin fushi. Fatake suka kawo masa karan gilashi biyu masu wani jan ruwa a ciki, wanda ke hawa in ya ji zafi. Ya ba malaman fadarsa, Malam Barau da Malam Jatau, su yi musu zanen awo.

Ana nan zazzaɓi ya kama mahaifiyar Sarki. Malam Barau ya auna, ya ce zane goma sha biyu. Malam Jatau ya auna, ya ce takwas.

Sarki ya daka tsawa: "Kai, Jatau! Ciwon tsohuwata kake rainawa? Jibi a sare kansa!"

Waziri Gwadabe ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe. Ban taɓa kama mutumin nan da ƙarya ba."

Shi kuwa Waziri, in ya sa abu a gaba ko tuwo ba ya ci. Ya tambayi kowannensu inda ya fara ƙirga. Duka suka ce, "Daga sanyin ruwan randa." To fa! Ya tafi gidan Malam Barau da tsakar rana ya roƙi ruwa, ya sha, har haƙoransa suka amsa. Ya je gidan Malam Jatau, ya kurɓa, ya ji shi ɗumi-ɗumi.

Da safe ya sa aka ɗauko randunan zuwa fada, ya miƙa wa Sarki moɗa biyu, ɗaya daga kowace randa. Sarki ya kurɓi ta biyu ya yamutsa fuska.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, randar Barau sabuwa ce, tana tsattsafa. Ta Jatau ta tsufa, ta daina sanyaya ruwa. Mafarinsu ne ya bambanta. Ba wanda ya yi ƙarya."

Kunya ta kama Sarki. Ya sa aka kwance Malam Jatau, ya yi doka kowa ya fara ƙirga daga ruwan rijiyar fada. Aka sake aunawa, duka suka ce goma.

Sarki ya ce wa Malam Jatau, "Malam, me ya hana ka sayen sabuwar randa?"

Malam Jatau ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ta tsohuwata ce. Ita kaɗai ta bar mini."

Sarki ya sa dogarai huɗu suka mayar masa da randar gida a hankali.