Ƙwaryar da Ta Je Fada da Ƙafarta

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, mu ji ta.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Tabawa, mai zanen ƙwarya. Shekara arba'in wuƙar zane ta gidan sarki tana hannunta. Sai yanar ido ta rufe mata gani. Ta daina ganin zare. Ta daina ganin fuska. Rana ma ta koma mata kamar fitila a bayan mayafi.

Amma ba ta daina aiki ba. Sai dai ta riƙa nitsa wuƙa sosai, don yatsa ya gane inda aka tsaya. Ta yanka, ta shafa. Ta yanka, ta shafa.

Ran nan sarki ya ce, "Ranar Juma'a kowace mai zane ta kawo ƙwarya. Wadda gyatumata ta zaɓa, mai ita ce za ta riƙe wuƙa."

Kulu da Delu, maƙwabtan Tabawa, su ma suna taɓa zane. Suka leƙo ta katanga.

"Iya, ki huta mana! Ke da ba ki raba kaza da kwando?"

"Kwando ba ya ƙyarƙyara, 'yan nan," in ji Tabawa.

Ta kife ƙoranta a rana. Kunkuru ya zo ya shige tsakaninsu, barci ya kwashe shi. A zamanin nan bayansa sumul yake. Ranar Juma'a da safe Tabawa ta lalubo, ta ji wata mai nauyi, ta ce, "Yauwa, wannan ta nuna." Ta yanka, ta shafa. Ta yanka, ta shafa. Ta goga baƙin tukunya da man kaɗe.

Sai ƙwarya ta ce, "Iya, cakulkuli kike yi mini."

"Subhanallahi! Wane ne?"

"Ni ne, Kunkuru."

Tabawa ta riƙe baki. "Na shiga uku. Ga rana ta yi, ga ba ni da wata zananniya. Wuƙa ta tafi."

Kunkuru ya ce, "Ƙarasa layin nan na hagu, mu tafi. Ni dai kar a dama fura a cikina."

Suka isa fada, yana gaba, tana bin ƙarar ƙafarsa. Ya lafe kusa da ƙoran mutane.

Aka fito da gyatumar sarki, riƙe da sanda. Ashe ita ma idonta ya daɗe da tafiya, ana ɓoyewa.

Ta shafa ta Kulu, mai ja da shuɗi. Ta ce, "Ba a fara ba?"

Ta shafa ta Delu, mai siririn zane kamar gashi. Ta ce, "Wannan ma ba a fara ba."

Ta shafa ta uku. Ta sake shafawa. Ta ce, "Ga gonaki. Ga kunyoyi. Ga hanyar rafin garinmu. Shekara bakwai rabona da ganin komai, sai yau."

Sai ƙwarya ta fito da kai ta ce, "Ranki ya daɗe, barka da hantsi."

Fada ta kwashe da dariya, har sarki rawaninsa ya kwance. Ya ce wuƙa ta zauna inda take. Kunkuru kuwa har gobe yana yawo da zanen Tabawa, a hankali, don kowa ya samu ya gani.

Ku ji, yara: in idon mutum ya gaji, kada ku yi saurin karɓe masa aikinsa. Ku tsaya ku ga abin da hannunsa ya sani.

Ƙurunƙus, na ɗaure ta a wutsiyar ɓera, ya shige rami da ita.