Jatau da Ragowar Taki

An yi wani mutum, wani bawan Allah a wani gari na bakin fadama, ana ce masa Jatau mai lambu. Ba shi da komai sai lambun nan da jigon da yake ban ruwa da shi.

Wata shekara da rani, malamin gona, wani saurayi Hashimu, ya zo neman inda zai yi gwaji. Ya ce takin zamani in ya yi yawa, ƙasa kan fitar da wata iska mai ƙara zafin duniya, ita kanta ƙasar ta gaji. Yana so ya gani ko takin gargajiya kaɗai zai riƙe tumatir. Jatau ya yarda. Aka raba fangalolin lambun gida biyu, na gabas takin zamani, na yamma kashin awaki da ruɓaɓɓen ganye kawai. Hashimu ya kifa robobi a ƙasa, duk mako ya zo ya zuƙi iskar da ta taru ciki ya kai awo.

To, ku saurara. Kun san manomi, ba ya yar da buhu sai ya kakkaɓe shi. Ran nan Jatau ya gama zuba taki a gabas, hannu ya yi abin da ya saba shekara talatin, ya watsa ragowar, ta kai kwano biyu, a fangalolin yamma. Sai da ya isa gida ya tuna.

Tumatirin yamma ya yi kyau har ana zuwa kallo. Hashimu ya sa ranar tara manoman fadama, don ya ce musu su bar sayen takin zamani, ga shaida. Har an yi wa Jatau alkawarin injin ban ruwa.

Ba wanda ya gani, jama'a, ba wanda ya gani. Amma Jatau ya kasa cin tuwo. Maƙwabtansa yake tunani, talakawa irinsa, waɗanda rani ɗaya ya isa ya karya su in suka bi shaidar da shi ya san ba shaida ba ce. Ya je ya sami Hashimu.

"Malam, kada ka tara kowa. Yamma ta sha takin zamani, ni na zuba da hannuna."

Hashimu ya ce, "Baba, ka san aikin wata huɗu ka rushe?"

"Na sani, ka yafe ni. Gara aikinka ya rushe bana da lambunan mutane su rushe baɗi."

Aka mai da gwajin wani lambu, injin ya bi shi. Jatau ya ci gaba da jan jigo har tsufa ya kwantar da shi, wasu na kiransa wawa.

Wannan ita ce amana, 'yan'uwa: ka faɗi kuskurenka alhali shirunka ne zai ba ka riba. Kai mai awo, kai mai rubuta rahoto, ke mai sayar da iri, kowa ya tambayi kansa: mutum nawa ne za su yi shuka a kan maganata? Kowannenmu yana da abin da shi kaɗai ya sani, shi da Allah. Ka je ka faɗe shi tun kafin a tara jama'a.